Ra'ayinmu: Na'ura Ta Yi Lissafi, Mutum Ya Sa Hannu

Tun daga ranar 1 ga watan Janairu na 2026 sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Nijeriya. Tana ɗaya daga cikin dokoki huɗu da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, kuma ta sauya yadda ake lissafin harajin kuɗin shigar mutum tun daga tushe. Wannan sauyi ya zo daidai lokacin da kamfanonin akantoci a ƙasashe da dama suka fara miƙa aikin shirya takardun haraji ga wata irin manhajar kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira. Tunda abin da ya ci Legas ba ya daɗewa bai iso Sakkwato ba, ya kamata tun yanzu mu san amsar tambaya guda: idan wannan akawun na'ura ya yi kuskure, wa zai amsa?

Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa wannan ba irin tsohuwar manhajar nan ba ce da sai an danna mata kowace lamba. Ita wannan ɗungurungum ake sakar mata aiki. Za ta karanta takardar albashi da bayanin banki da rasit, ta ware abin da haraji ya hau kansa da wanda bai hau ba, ta cike fom, ta rubuta wa mai biyan haraji wasiƙa tana neman takardar da ta rage. Aikin da ƙaramin akawu zai yini a kai, ita kafin shayi ya huce ta gama.

Ba mu ƙin wannan ci gaba. Tun a 2021 hukumar haraji ta tarayya ta buɗe shafin TaxPro Max don a riƙa miƙa takardu ta intanet, kuma babu mai sha'awar komawa zamanin fayil ɗin da gara ta cinye. Doka ta ce masu ɗaukar ma'aikata su miƙa bayanin harajin ma'aikatansu zuwa ranar 31 ga Janairu, kowane mutum kuma ya miƙa nasa zuwa ranar 31 ga Maris. Wanda ya saɓa, tarar N100,000 ce a watan farko, sa'an nan N50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Duk abin da zai rage cunkoson waɗannan watanni uku, ya kuma rage ladan akanta har ƙaramin ɗan kasuwa ya iya biya, abin maraba ne.

Amma fa sauri daban, daidai daban. A ƙarƙashin tsohuwar doka haraji yana farawa daga kashi 7 cikin 100 ya tsaya a kashi 24, kuma akwai rangwame na bai ɗaya da kowa ke samu. Sabuwar doka ta soke wannan rangwame. Yanzu N800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. N2,200,000 da ke biye kashi 15 ne. N9,000,000 na gaba kashi 18. A haka har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura N50,000,000. An kuma kawo sassaucin kuɗin haya, watau kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, muddin bai wuce N500,000 ba. Ita kuwa na'urar, daga tarin rubuce-rubucen duniya ta yi karatunta, kuma abin da aka rubuta game da harajin Amurka da Ingila da tsohuwar dokarmu ya ninka abin da aka rubuta game da sabuwar. Idan ba a ɗaure ta da nassin dokar da ke aiki ba, tana iya ɗinka wa mutumin Sakkwato rigar da aka auna da jikin wani.

Mu ɗauki misalin ma'aikacin da ke haya a Gidan Dare, wanda bayan an cire kuɗin fansho da makamantansu ya rage da N2,000,000 a shekara, yana kuma biyan hayar N400,000. Sassaucinsa N80,000 ne. Idan an sa shi cikin lissafi harajinsa N168,000 ne, idan kuwa an manta da shi N180,000 ne. Bambancin N12,000 ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. To, amma ina na'ura za ta san yana biyan haya idan mai gidan bai taɓa ba shi rasit ba? Daga Gidan Dare zuwa Mabera da Arkilla da Runjin Sambo, sau da yawa hayar gida amana ce tsakanin mutum biyu, ba takarda ba shaida. Haka nan cinikin shago da na hatsi da na dabbobi, yawancinsa hannu da hannu ake yi. Na'ura ba ta shiga unguwa ta yi tambaya. Abin da aka ba ta shi take niƙawa.

Babban haɗarin ma shi ne irin wannan manhaja ba ta cika cewa ba ta sani ba. Idan ta rasa amsa sai ta ƙago, ta kuma faɗa da cikakken ƙarfin hali. A watan Disamba na 2023 wata kotun haraji a Ingila ta gano cewa hukunce-hukunce 9 da wata mata ta kafa hujja da su ba a taɓa yanke su ba, na'ura ce ta ƙirƙiro su, kuma matar ta faɗi shari'ar. A watan Oktoba na 2025 kamfanin Deloitte, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin akantoci na duniya, ya amince ya mayar wa gwamnatin Ostareliya wani ɓangare na kuɗin wani rahoto bayan an sami madogarar ƙarya a cikinsa. Idan haka ta faru ga masu ɗaruruwan ƙwararru, ina ga ofishi mai akanta ɗaya da yara biyu?

Akwai kuma maganar sirri. Takardar haraji ita ce cikin mutum: albashinsa da gidajensa da bashinsa da lambar asusunsa. Sa'ad da akawu ya loda waɗannan a wata manhajar da bai san inda take ajiye su ba, ya fitar da sirrin gidan wani zuwa ƙasar da mai shi bai taɓa jin sunanta ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyin tsare irin waɗannan bayanai a wuyan wanda ya karɓe su, kuma rashin sani ba zai zama uzuri ba.

Dattawanmu ba su manta da zamanin haraji da jangali ba. Duk da irin kukan da talaka ya yi da wannan tsari, ya san malamin da ya rubuta sunansa, ya san mai unguwar da ya karɓi kuɗinsa, ya san ƙofar da zai kai ƙara. Ba daidai ba ne a ce a zamanin ilmi a kawo tsarin da za a cuci mutum ya rasa wanda zai kama, kowa yana cewa laifin kwamfuta ne.

Saboda haka muna kira ga akantoci, da ƙungiyoyinsu irin su ICAN da ANAN da CITN, da su kafa ƙa'ida guda wadda ba ta da togiya: kada wata takardar haraji ta fita daga ofis sai ƙwararre ya bi ta layi-layi ya sa hannu, kuma a gaya wa mai ita cewa an yi amfani da na'ura. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akantan da ya karɓi kuɗin aiki shi ne zai biya tara idan kuskuren daga ofishinsa ya fito.

Muna kuma kira ga Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Sakkwato, wadda ita ce ke karɓar harajin mazauna jihar, da ta buga bayanin sabon lissafin cikin Hausa, da boko da ajami, ta kuma karanta shi a rediyo. Kada ta ɗora wa kowa haraji ko tara bisa zargin na'ura kawai ba tare da jami'i mai suna ya duba ba. Ƙasar Holand ta ga illar haka: hukumar harajinta ta yi wa dubban iyalai zargin zamba bisa kuskure, har gwamnatin ƙasar ta yi murabus a watan Janairu na 2021.

Ma'aikatan gwamnati kuwa, kada ku ce ai daga albashi ake cirewa, ba ruwanku. Ku duba takardar albashinku kowane wata, ku nemi rasit ɗin haya, ku adana shi, musamman masu gona ko shago ko gidan haya bayan aikin ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, lalle aikin kwafe lambobi daga wannan littafi zuwa wancan yana gab da ƙarewa. Wanda za a nema gobe shi ne wanda ya san doka har zai iya kama na'ura idan ta yi ƙarya. Ku koyi sarrafa ta, amma ku fara da karanta dokar da kanku.

Haraji amana ce tsakanin gwamnati da jama'a, amana kuwa sai mai suna da fuska ake ba. A bar na'ura ta yi lissafi, amma hannun da zai hau takarda ya zama na mutumin da za a iya tambaya.