Karnukan Da Aka Tashi Aka Bari A Basawa

Duk wanda ya kan yi sammako ya bi hanyar da ta tashi daga Samaru zuwa Basawa, ko ya zaga bayan kasuwar Sabon Gari kafin rana ta fito, ba ya rasa ganinsu. Karnuka ne biyu-biyu, uku-uku, suna tonon juji, haƙarƙari a waje, ƙazuwa ta cinye musu gashi. In mutum ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse sai su watse. Amma wanda ya tsaya ya lura da kyau zai ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau. Waɗansunsu da sauran igiya ko guntun fata a wuya, waɗansu kuwa in an yi musu fito sai su tsaya suna kaɗa wutsiya. Karen da ya san fito ba a daji aka haife shi ba. Wani ne ya raine shi, ya ba shi tuwo, ya sa masa suna, sa'an nan ran da tafiya ta kama shi ya ɗaure kayansa ya hau mota, ya bar shi a bakin ƙofa.

Dalilin da ya sa abin ya yi yawa a wannan yanki ba boyayye ba ne. Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan da hanyar dogo ta iso Zariya a 1911. A Samaru an kafa gonar binciken aikin gona a 1922, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ta biyo baya a 1964, ga kuma barikin soja a Basawa. Watau ƙasa ce ta masu zuwa da tafiya. Mutum ya zo aiki ko karatu, a ba shi gida a gefen gari inda babu katanga, maƙwabci kuma da nisa, sai ya nemi ɗan kwikwiyo don gadi. Bayan shekara uku ko huɗu takardar canji ta zo. Direban babbar mota ya ce ba ya ɗaukar kare, mai gidan hayar da za a koma ya ce ba ya so, sai a ce, "Ai zai nemi abincinsa." Ba ma'aikatun nan ne da laifi ba. Laifin na mutum ɗaya-ɗaya ne, a cikinsu kuwa har da mu malaman makaranta, don mu ma a kan yi mana canji.

Bara da kaka abin ya zo mana har gida. A wata makaranta da mu ke dubawa, wani ma'aikaci ya tashi ya bar karyarsa da ciki. Ta haihu a ƙarƙashin tankin ruwa, 'ya'ya biyar. Ran da muka je mun tarar da yara sun kewaye wurin kowa da dutse a hannu, tsohon maigadin makarantar yana ta korarsu da sanda. Muka ce masa, "Baba, kai ke ba ta abinci?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanzon tukunya ne kawai. Shekara huɗu muna kwana waje ɗaya ni da ita, ba ta taɓa barin ɓarawo ya matso ba. Yau don mai ita ya tafi in tsaya ina kallo a kashe ta?" Ba mu sami abin ce masa ba. Mun yi shekaru muna rubuta rahoto a kan rufin aji da alli da yawan yara, ba mu taɓa sa wannan a cikin lissafi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka tausayi kaɗai ke sa mu magana. Kare marar mai shi hatsari ne, hatsarin kuwa a kan 'ya'yanmu ya ke fara sauka. Cutar haukan kare tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta wurin cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci ta kan yi wata biyu ko uku ba ta nuna ba, har raunin ya warke a manta da shi. Amma da zarar alamunta sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita, to kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Yaron da ya ke tafiya makaranta da sassafe, shi ke gamuwa da kare a bakin juji. Shi ke jifa. In an cije shi kuma shi ke ɓoyewa don tsoron bulala.

To, ga wannan, mutane da yawa masu hankali su kan ce magana ta ƙare: a sa guba ko a kira maharbi a huta. Ba mu raina wannan ra'ayi ba, domin uban da aka ciji ɗansa ba a yi masa wa'azin jin ƙan dabba. Karen da ya haukace kuwa dole ne a kashe shi, babu mai gardama. Abin da mu ke ja da shi shi ne kisan kan mai uwa da wabi. An gwada shi a ƙasashe da yawa bai kawar da cutar ba, dalilin kuwa mai sauƙin ganewa ne. Jujin da ya ciyar da karnuka goma yana nan bayan an kashe su. Karya tana ɗaukar ciki wata biyu ne kawai, ta haifi biyar ko shida. Kafin shekara ta kewayo waɗansu sun zo daga wani wuri sun cike gurbin, ba wanda ya san daga inda suka fito ko abin da su ke ɗauke da shi. Gubar kuma ba ta da ido, ta kan ci kajin mutane da ungulu da karen maƙwabci wanda aka yi wa allura. Abin da aka tabbatar yana yanke cutar shi ne a yi wa karnuka bakwai cikin kowane goma na gari allurar rigakafi, a riƙa maimaitawa. Da haka ƙasar Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2019 cewa cizon kare ya daina kashe mutane da wannan cuta a can.

Abin kunya a gare mu shi ne, kayan aikin suna ƙofar gidanmu. A Zariya aka fara kafa ma'aikatar likitan dabbobi ta ƙasar nan kafin a mai da ɗakin bincikenta Vom a 1924, a Vom ɗin kuwa an fara yin allurar haukan kare tun 1956. A Samaru ga sashen koyar da likitocin dabbobi na jami'a da asibitinsa. Mutumin Basawa zai iya jan karensa da igiya ya kai shi a ƙafa. Akwai garuruwa da yawa a Arewa da ba su da wannan gata.

Sauran magana ita ce, karen da aka tsinta aka yi wa allura, ina za a kai shi? A Ingila wata mace mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan tara karnukan da suka rasa masu su a 1860, wanda daga baya ya koma unguwar Battersea ta birnin Landan, yana nan har yau, mutane suna zuwa su zaɓi wanda su ke so su tafi da shi gida. Abu ne mai kyau a wurinsu. Amma wanda ya ce a gina irinsa a Sabon Gari, a riƙa sayen abinci ana ciyar da karnuka ɗari a cikin keji alhali ɗakin shan magani na unguwa ba shi da isasshen magani, jama'a za su yi masa dariya, kuma da gaskiyarsu. Bahaushe ba ya ajiye kare don ado. Yana ajiye shi don aiki. Saboda haka gidan da ya dace da waɗannan karnuka shi ne gidan da ke da aikin da zai ba su.

Irin waɗannan gidaje kuwa ba su da wuyar samu. Ga masu lambun rani a bakin Kubanni da ke kwana suna tsaron tumatir da albasa. Ga makiyaya a rugagen da ke kewaye da Bomo da Shika. Ga mafarauta, waɗanda suka fi kowa sanin darajar kare mai ƙafa. Ga masu gadin makarantu da shaguna. 'Ya'yan karyar nan biyar, cikin mako uku muka sama wa huɗu wurin zama ta bakin mai unguwa da ɗalibanmu: biyu wurin wani mai lambu, ɗaya a ruga, ɗaya wurin wani mafarauci da ya ɗaga shi ta ƙeya ya duba ƙafafunsa kafin ya ce ya karɓa. Na biyar ya mutu tun ba a yaye shi ba. Mun jira sai da suka cika wata uku aka yi musu allura tukuna muka miƙa su.

Mun san akwai wanda zai ce addini bai yarda da wannan ba. Mu ba malaman fiƙihu ba ne, amma abin da aka karantar da mu a zaure ba mu manta ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda mu ke bi a ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da ya ke an yi umurni a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana ajiye shi a gida haka kawai, amma ta halatta shi don gona da kiwo da farauta, watau daidai gidajen da muka lissafa. Masu sharhinta ma sun kawo cewa shi kansa mai littafin, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya ga zamaninsu da zaki zai ajiye. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa kuwa, kowane ɗan makarantar allo ya ji shi. Ba mu ce kowa ya shigar da kare ɗakinsa ba. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya halatta a raini dabba sa'an nan a bar ta ta mutu da yunwa ba.

Wani abu guda da ya kamata a yi hattara da shi: ba duk mai cewa a ba shi ne ke nufin riƙo ba. Akwai fataken da ke sayen karnuka a ƙauyukanmu su loda su a mota zuwa kasuwannin nesa. Sana'arsu ce, ba ita mu ke shari'a ba yau. Sai dai wanda ya ba da kare don a riƙa, ya kamata ya san inda ya kwana. A bayar ta hannun mai unguwa, ga mutumin da aka san gidansa.

Nan ne aikin ya faɗo kan akawunan ƙaramar hukuma. Dokar karnuka ta ƙasar nan tun 1943 ta ke, ta kuma tanadi a yi wa kare lasin a san mai shi. Tsofaffin ma'aikatan En'e sun san yadda a ke riƙe littafin jangali, saniya ɗaya ba ta ɓacewa a lissafi. Ba mu ga abin da zai hana a buɗe ɗan littafi a ofishin hakimi ba, mai layi huɗu: sunan mai kare, unguwarsa, ranar allura, da wanda aka miƙa wa in ya tashi. Ma'aikacin da aka yi wa canji ba a sallamarsa sai ya ba da mabuɗin gida an ƙirga kujeru da gadaje. A ƙara tambaya ɗaya a takardar sallamar: kana da kare, wa ka bar wa? Wannan ba ya bukatar ko kwabo daga baitulmali.

Mu malamai kuma namu ya fi sauƙi, ya kuma fi gaggawa. Darasin minti goma ne a lokacin kiwon lafiya. A gaya wa yara kada su jefi kare, kada su taɓa wanda ke cin abinci ko karya mai shayarwa. In kare ya tasam musu su tsaya cik, kada su ruga. In an ciji yaro ya faɗa nan take, a kuma yi masa alkawari ba za a doke shi ba. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti a ranar don a fara masa allura, kada a tsaya ɗaura gashin karen a kan raunin kamar yadda waɗansu ke yi. Karen da ya yi cizon, in ana iya kama shi ba tare da hatsari ba, a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita aka keɓe a duniya don tunawa da wannan cuta, ranar da Louis Pasteur ya rasu, wanda ya fara yi wa wani yaro allurarta a 1885. Ta kan faɗo a farkon zangon karatu, lokacin da sababbin yara suka shigo, babu lokacin da ya fi shi dacewa. Mun sa wannan darasi cikin abin da ɗalibanmu masu koyon aikin malanta za su gwada koyarwa bana.

Uwar kwiyakwiyan nan ita ce ba mu sama wa gida ba har yanzu. Kowa ɗan ƙarami ya ke so, wanda zai saba da shi tun yana yaro. Babba kuwa a kan ce ta riga ta san wani. An yi mata allura, ƙazuwar ta warke, tana nan tana kwana a bakin ƙofar makaranta tare da Baba maigadi. Shi kuwa a ƙarshen shekarar nan zai ajiye aiki ya koma garinsu, ya kuma gaya mana 'ya'yansa ba za su yarda ya je da ita ba.