Bashin da huhu ke biya wa zuciya

A 1980, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, aka fara dasa wa ɗan Adam na'urar da ke zabga wa zuciya wutar lantarki idan bugunta ya rikice. Ta ceci rayuka, wannan ba abin gardama ba ne. Sai dai wani babban bincike na 2005 ya nuna cewa cikin mutum 100 masu raunin zuciya da aka dasa wa ita, kusan 7 ta tsamo daga mutuwa a shekara 5. Sauran kuwa su ma da wayar da ke haɗa ta da zuciya suke kwana suke tashi.

Wayar nan ce abin lissafi. Ta jijiyar jinin da ke kusa da kafaɗa ake zura ta har ɓangaren dama na zuciya, kuma kan huhu na nan dab da wurin. Allurar da ake neman jijiyar da ita kan huda shi ya sace, a mutum 1 ko 2 cikin 100. Wannan da sauƙi, ana gani ana gyarawa.

Mai wuyar sai an daɗe. Jinin ɓangaren dama ba inda ya nufa sai huhu, don haka duk abin da ya ɓalle daga wayar can zai yada zango. Ƙwayoyin cuta kan yi sansani a jikinta, su riƙa gutsurowa suna toshe ƙananan jijiyoyin huhu. Majinyaci ya yi ta zazzaɓi da tari, a yi ta ba shi maganin nimoniya, cutar na lafawa tana dawowa, saiwarta na cikin zuciya. Mafita ita ce a zare wayar, ita kuwa bayan shekaru ta riga ta manne da tsoka, cire ta na iya yaga jijiya. Ba a ma zo kan wayoyin Sprint Fidelis ba, waɗanda kamfanin Medtronic ya janye a 2007 saboda karyewa, bayan an dasa kusan 268,000.

Akwai kuma na bayan fage. Wanda na'urar ta cika girgizawa, likita kan ɗora shi kan amiodarone don bugun ya lafa, maganin da aka san yana iya busar da huhu ya bar tabo. Rannan sai haki ya tasar masa a kan matakala, kowa ya ce ai zuciyar ce.