Yaya Ta Ce Aikin Banza Ne

Yau wata 'yar magana ce ta cikin gida nake tafe da ita. Na san akwai irinta a gidaje da yawa, sai dai ba kowa ke fitowa ya faɗa ba.

Makonni biyu da suka wuce yayar maigidana ta zo daga Kano wajen bikin wata 'yar uwa, ta sauka a wurinmu a Gwange. Ran nan da la'asar sakaliya muna zaune a tsakar gida bisa tabarma, ina tsintar shinkafa, 'yata mai shekara 12 tana gefe da allura da zare tana cike wani fure da ta fara a jikin rigar filo. Yaya ta daɗe tana kallonta, can sai ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuwa wane irin aikin banza ne wannan kike koya wa yarinya? Nawa ake sayensa a kasuwa? Ki aiko mini kuɗi in sayo miki zanen gado da rigunan filo na kamfani a Kantin Kwari, ba ki kashe idon kowa ba."

Na ce, "Haka ne Yaya," na yi shiru, domin babba ce, kuma baƙuwa ce a gidana. Ita kuwa yarinyar sai ta naɗe kayanta a hankali ta shige ɗaki. Kwana uku ba ta sake fito da su ba. Wannan ne ya dame ni, shi ya sa amsar da ban ba Yaya a ranar ba zan zube ta a nan.

Bari in fara da bayyana irin ɗinkin, saboda maza da 'yan matan yanzu da ba su san shi ba. Ɗinki ne na ƙirga. Ana samun yadi mai sarari tsakanin zarurrukansa, yadda ido zai iya ganin ƙananan gidaje a jere. A kowane gida sai a gitta zare bisa zare, ya fito kamar alamar sau ta lissafi. Gida biyar ja, gida uku kore, a tsallake biyu, a sauko layi na gaba. Da haka ake fitar da fure, ko ɗawisu, ko rubutu irin su "Barka da asuba". In kin yi kuskuren gida ɗaya a sama, sai kin zo ƙasa za ki ga furen ya karkace, dole ki warware ki koma baya. Babu wata dabarar kauce wa wannan.

A wurin Inna na koya, a gidanmu na Hausari. Kakanmu mutumin ƙasar Katsina ne, fatauci ya kawo shi Barno, ya zauna a unguwar da Hausawa suka kafa bayan Shehu ya dawo da fadarsa Yerwa a 1907. A nan aka haifi Inna, a nan aka haife mu, kuma har gobe Barebari Afuno suke ce mana, mu ma muna mayar musu da tamu tsokanar. A zamanin su Inna, amarya ba ta shiga ɗakinta sai da zanen gado da rigunan filo na ɗinkin hannu a cikin kayan ɗaki. Ko ita ta ɗinka, ko uwarta, ko goggonta. Ranar jere mata kan ɗaga gefen zanen su duba bayansa, domin a baya ake gane hannu. Mai tsafta bayan ɗinkinta kusan kamar gabansa yake.

To me wannan ɗinki ya taɓa tsinana mana? Duk wanda ya zauna garin nan daga 2009 zuwa yau ya san irin zaman da muka yi. Akwai lokacin dokar hana fita, da rana ta karkata kowa ya kulle ƙofarsa. A watan Mayu na 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci, aka yanke layukan waya, ba ka ji daga kowa, ba mai ji daga gare ka. Daga Janairun 2021 kuma aka shafe watanni babu wutar lantarki bayan an karya turakun da ke kawo ta daga wajen Damaturu. A irin waɗannan darare, in an ji ƙara daga nesa, yara sai su zuba wa uwa ido. In suka ga hannunki yana rawa, shi ke nan, kuka ya tashi. Ni dai abin da na samu na riƙe shi ne allura. Ina zaune kusa da fitila ina ƙirga gidaje a fili, biyar ja, uku kore, manyan suna taya ni, har barci ya kwashe su. Ba zan ce ba na jin tsoro ba. Amma zuciyar da ke ƙirga ba ta samun sararin saƙe-saƙe, kuma yaran suna ganin uwarsu tana aikin da ta saba yi kullum. Ban san kuɗin da zan sa wa wannan ba in aka ce in kai shi kasuwa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, maganar Yaya ba duka ce ta faɗi ƙasa ba. Na kamfani ya fi araha, haka ne. Zanen gado ɗaya na hannu yana iya cin watanni, in kika lissafa kuɗin zare da lokacinki ba mai sayensa a kan abin da ya ci. Batun ido ma gaskiya ne, mun ga tsofaffi da yawa da ɗinkin dare a gaban aci-bal-bal ya raunana musu gani. Karatu kuma shi ne gaba, ga boko ga islamiyya, yarinya ba ta da lokacin da mu muka samu. Duk na yarda. Shi ya sa a gidana ba a ɗinki sai da hasken rana, ba a wuce awa ɗaya, kuma sai an gama aikin makaranta.

Inda muka rabu da Yaya shi ne ma'aunin da ta ɗauko. Ita a wurinta duk abin da ba ya kawo naira a yau aikin banza ne. To ita wannan awa ɗayar, in na karɓe allurar, me zai maye gurbinta? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, waya ce. Ban taɓa jin wani ya tsaya a kan yarinya tana kallon bidiyo a TikTok ya tambaye ta nawa ake sayen wannan a kasuwa ba. Allura kaɗai ake yi wa wannan tambaya.

Kuma ko a ma'aunin kuɗin ma, mutanen garin nan ne ya kamata su fi kowa sanin amsa. A watan Satumba na 2014 garin Bama, mai nisan kimanin kilomita 70 daga nan, ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, ba a ƙwato shi ba sai a watan Maris na 2015. Dubban mutane suka shigo Maiduguri da kayan jikinsu kawai, wasu a sansani irin na Dalori, wasu a gidajen dangi. Gonaki sun tafi, dabbobi sun tafi, shaguna sun ƙone. Abin da ya biyo matan Bama shi ne ɗinkin hula, sana'ar da aka san garinsu da ita tun da daɗewa. Duk mun gan su a gindin bishiyoyin darbejiya, kowace da ƙyalle a hannu, kai a sunkuye. Hula mai kyau takan ci makonni kafin a gama ta, daga nan ta tafi wajen masu wanki, ta shiga kasuwa, ta kai Kano da Abuja da Legas har da ƙasashen maƙwabta. Hular da ake ce wa Zanna Bukar, wadda ake dangantawa da Zanna Bukar Dipcharima, minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, ai da ita manyan ƙasar nan ke ado. Ɗinkin hula daban yake da namu na zanen gado, amma allurar ɗaya ce, haƙurin ɗaya ne.

Abin lura a nan, waɗannan mata ba a sansani suka koyi ɗinki ba. Tun suna yara suka koya, a tsakar gidajen iyayensu, lokacin da ake zaune lafiya kuma ba wanda ya san za a yi gudun hijira. Da a ce a lokacin wani ya zo ya ce musu aikin banza ne suka ajiye, da me za su ciyar da marayu? Hannu ba ya koyon aiki a ranar da yunwa ta zo, sai dai ya tuno wanda ya iya.

Ba a nan kaɗai aka ga haka ba. Matan Falasɗinu suna da irin wannan ɗinki namu na ƙirga gidaje, suna ce masa taɗriz, kuma a da ana gane yankin da mace ta fito daga zanen da ke jikin rigarta. Bayan an raba su da garuruwansu a 1948, da shi suka shiga sansanonin gudun hijira, ya zama musu abin ci da kuma abin tuna gida. A 2021 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke alkintawa. Mu kuwa namu muna jin kunyarsa.

Ni ma na ga nawa rabon na wannan darasi. A daren 9 ga Satumba wayewar 10 ga wata na 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari, ambaliyar da ba a ga irinta ba tun 1994. Mu na Gwange ba sai an ba mu labari ba. Da kayan barci muka fita, na goya autana, maigida ya ɗauki tsohuwarsa. Da muka dawo bayan ruwa ya janye, katifu da kujeru da takardu duk sun tashi aiki. Waɗannan ban yi musu kuka ba. Abin da ya sa ni hawaye shi ne akwatin ƙarƙashin gado, wanda a ciki nake ajiye zanen gadon da Inna, Allah Ya jiƙanta, ta ɗinka mini na aure. Laka ta cinye shi, launukan sun zube cikin juna, ina ɗagawa yana yagewa.

Bayan wasu watanni, mun ɗan natsu, sai yarinyar nan ta zo ta same ni da littafinta na lissafi mai gidaje-gidaje. Ta ce, "Umma, ba wannan ne furen Inna ba?" Ashe tun kafin ruwan, lokacin da nake koya mata, ta riƙa ɗauko zanen tana ƙirga gidajen furen da ke kusurwarsa don ta kwaikwaya, har lissafin ya zauna mata a ka. Ta zana shi gida-gida da biro ja da kore. Furen da Yaya ta gani a jikin rigar filo ran nan shi ne wannan. Yarinyar ba ta tashi ta ga kakarta ba, amma ta san yadda hannunta yake tafiya.

Shi ya sa nake ganin mu Hausawan da ke zaune a nan muna da gyara. Mun zama mutanen da komai sai an sayo mana daga Kano, kayan ɗaki, labule, har abin da uwa kan yi wa 'yarta da hannunta. Muna zaune a tsakiyar mutanen da suka fi kowa iya allura a ƙasar nan, amma mun ɗauki ɗinki a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi. Mazanmu kuma, ku yi haƙuri in faɗa, mutum zai sayi hula a shago da tsada bai ce uffan ba, amma in matar da ta ɗinka ce ta kawo masa har ƙofar gida, sai ya taya ta a wulaƙance don ya san tana da buƙata. Wannan ba ciniki ba ne, cin gumi ne, kuma Allah Yana gani.

Roƙona ba mai yawa ba ne. Duk wadda ta iya wani aikin hannu, ɗinkin zanen gado ne, sakar kwarashi ce, ɗinkin hula ne, ta zaunar da 'ya'yanta ta koya musu, ko da sau biyu ne a mako. Wadda ba ta iya ba, ta duba maƙwabta, ba za ta rasa wata Babarbariya ko tsohuwar Bahaushiya da za ta ji daɗin a tambaye ta ba. Kada a ware maza. A ƙasar Hausa ai maza ne asalin masu aikin babbar riga, su aska biyu da aska takwas, a Zariya da Kano, kuma almajirai nawa ne suka yi karatu da kuɗin ɗinkin hula? Kada kuma a matsa wa yaro da zancen sayarwa tun bai ji daɗin abin ba. A bar shi ya yi don yana so. In Allah Ya sa ya zama sana'a, to madalla. In bai zama ba, ya samu haƙuri da natsuwa da iya gyara kuskurensa da kansa, kuma waɗannan za su yi masa rana ko likita ya zama.

Game da 'yata kuwa, a rana ta huɗu ni na ɗauko kayan da kaina na zauna a tsakar gida na ci gaba da furen, na kuma yi kuskuren gida ɗaya da gangan. Tana wucewa ta leƙo, ta ce, "Umma, huɗu ne a nan ba biyar ba." Ta karɓa ta warware. Jiya ta gama ta farko, ta ɗora ta biyu. Ta ce in ta gama za ta aika wa Goggonta Kano, kuma ban hana ta ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka koya mana, Ya shirya mana zuri'a, Ya ƙara wa Barno zaman lafiya, amin. Mu kwana nan, sai wani jiƙon in Allah Ya kai mu.