Ajiye Danƙo, Ɗauki Kyamara

Yau bakin ruwa muka nufa.

Dam ɗin Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, wanda aka kammala a 1974, matattarar tsuntsaye ce: zalɓe, balbela, kirinjijiya, ga kuma baƙin da ke gudo wa sanyin Turai su yi rani a nan. Gauraka kuwa ta yi wuyar gani, saboda farauta da kamu. Shi ya sa nake cewa harbi da kyamara ya fi harbi da danƙo.

Tsuntsun ruwa ba ya bari a matso shi, don haka ake amfani da gilashin kyamara mai jawo nesa, mai milimita 300 ko fiye. Sai dai yadda yake girmama tsuntsu, haka yake girmama rawar hannu. Ku jingina da bishiya, ku sa saurin ɗauka ya kai kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa. Ku fita da sassafe, rana a bayanku, ku saita kan idon tsuntsun.

Ba ku da kyamara? Ku kara idon waya a bakin madubin hangen nesa, hoto zai fito.

Kada ku kusanci sheƙa, uwa na iya barin ƙwanta. Kada ku shiga ruwa, akwai tsargiya da haɗarin nutsewa. Ku tafi da babba, da izinin iyaye.

Sai mako mai zuwa.