Zalika Souley: 'Yar Wasa Ma Ma'aikaciya Ce

Ran 27 ga watan Yuli, 2021, Allah ya yi wa Zalika Souley rasuwa a birnin Yamai, tana da shekara 73. Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal ba su taɓa jin sunanta ba, alhali kuwa tana cikin matan farko a Afirka ta Yamma da suka ɗauki wasan silima sana'a. Ya kamata a ji labarinta, domin abin da ya same ta yana nan yana samun waɗansu.

An haife ta a Yamai cikin 1947. Ba ta cika shekara 20 ba Moustapha Alassane ya sa ta cikin fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya komo daga Amurka da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Daga nan sai Oumarou Ganda ya ɗauke ta. Ta fito cikin Cabascabo, labarin tsohon soja da ya komo daga yaƙi ya ɓarnatar da kuɗinsa. Ta kuma fito cikin Le Wazzou polygame, fim ɗin da ya ci babbar lambar bikin silima na FESPACO a Wagadugu cikin 1972. Sunan Nijar ya ɗaukaka a lokacin, kuma da gumin Zalika a ciki.

To, me ta samu? Da fari dai zagi. Sau da yawa akan sa ta ta fito a mace mai zaman kanta ko muguwar kishiya, jama'a kuwa suka kasa raba wasa da gaskiya, suka ɗauka halinta ke nan. Na biyu, talauci. Ganda ya rasu cikin 1981, sana'ar silima a Nijar ta yi ta ja da baya har ta durƙushe. 'Yar wasa ba ta da fansho, ba ta da kaso cikin abin da fim ya kawo daga baya. Sa'ad da Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, mai suna Al'lèèssi, wanda ya fito cikin 2004, ta same ta da 'ya'yanta a gida mai ɗaki biyu, ko ruwan famfo babu. Daga bisani ta tafi ƙasar Turawa tana aikatau a gidajen mutane.

Duk wanda ya baro Kano ko Sakkwato ya gangaro kurmi neman abinci ya san ɗacin wannan tafiya. Amma shi ya tafi ne da ƙuruciyarsa. Ita kuwa ta tafi bayan ta haura shekara 50, bayan ta gama yi wa ƙasarta aiki.

A nan Suleja akwai misalin da ya nuna ba dole ne mace mai fasaha ta ƙare haka ba. Cikin 1954, lokacin ana kiran garin Abuja, Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe, ita ce mace ta farko. Tana da wurin aiki tsayayye, kuma tukwanenta suna ɗauke da tambarin sunanta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, tun tana da rai. Ta rasu cikin 1984, yau ga hotonta a bayan takardar naira 20. Ba wai hannun Ladi ya fi fuskar Zalika daraja ba ne. Bambancin shi ne, ita an ɗauke ta ma'aikaciya, waccan kuwa an ɗauke ta abin kallo.

Kada wani ya ce wannan matsalar Nijar ce. Cikin 2022 Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya tun zamanin wasan kwaikwayon telebijin, ta gaya wa sashen Hausa na BBC cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta in ta fito a fim. Waɗansu masu shirya fim sun musa, aka yi ta ka-ce-na-ce. Da a ce akwai takardar yarjejeniya da kowa ya sa wa hannu, ai da gardamar ba ta taso ba.

Saboda haka, abu uku ake bukata. Masu shirya fim su riƙa rubuta ladan 'yar wasa kafin a fara aiki. Ƙungiyoyin 'yan fim, irin su MOPPAN, su buɗe asusun tsufa da na rashin lafiya. Masu kallo kuma, musamman 'yan'uwa na kudu da fim ɗin Hausa ke ɗebe musu kewar gida, su daina karɓar na sata a waya, su kuma tuna cewa wadda ta fito a muguwar kishiya aikinta take yi, kamar yadda mai shayi ko direba ke nasa.

Allah ya jiƙan Zalika, ya sa masu rai su ci gumin aikinsu.