Wa Ya Naɗa Mu Alƙalan Waɗanda Ruwa Ya Ci?



Mu matasa ne, mun kuma san ba a so yaro ya ɗaga murya a gaban manya, balle a gidan Allah. Shi ya sa muka daɗe muna haɗiye wannan magana. Amma akwai wata mama a cikinmu, gwauruwa ce, wadda wurin zamanta a layin zumuntar mata yake wayam tun 'yan makonni bayan ambaliya. Da muka je gaishe ta a ɗakin da take haya yanzu, muka tambaye ta ko lafiya ba mu ganinta a sujada. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "'Ya'yana, ban yi fushi da Allah ba. Amma ba zan iya zama kowace Lahadi ina ji ana cewa waɗanda Allah yake ƙauna ne ruwa ya tsallake ba. To, ni fa?" Muka ce, "Mama, ki yi haƙuri." Iyakar abin da muka iya faɗa ke nan. Mun fito daga ɗakin nan da kunya, kunyar ce kuma ta sa muka rubuta wannan.

Babu wanda ya manta da daren nan. Wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya shigo Maiduguri mutane suna barci. Ya cinye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya shiga babban cocin Katolika na St. Patrick. Ya rushe katangar gidan yari, ya kashe dabbobi a gidan zu na Sanda Kyarimi. Mutane fiye da 400,000 suka rasa wurin kwana, har sai da aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka riga aka rufe. Bayan ruwa ya janye kuma kwalara ta biyo baya. Ruwan nan bai tsaya a ƙofar kowa ya tambayi sunansa ko addininsa ba, bai kuma duba katin zakka ba kafin ya shiga.

Amma tun laka ba ta bushe ba muka fara jin bayani. Wasu sun ce hukuncin Allah ne a kan garin saboda jinin da aka zubar a cikinsa. Wasu sun ce saboda zunubin matasa ne, da irin suturar 'yan mata, da rashin zuwa addu'ar dare. Wani mai wa'azi da aka gayyata ya tsaya a kan bagade ya ce duk wanda yake fitar da zakkarsa da aminci, ruwa ba zai taɓa kayansa ba. Aka yi tafi. A lokacin shaida kuma, ɗan'uwa bayan ɗan'uwa suka fito suna cewa ruwa ya zo daidai bakin ƙofarsu ya tsaya, domin Allah ya san nasa. A benci na uku kuwa ga mutanen da suka kwana uku a kan rufin kwano, da waɗanda suka binne nasu, suna zaune da kayan aro a jikinsu, ana jiran su ce amin.

Muna cewa a fili, wannan koyarwa ba ta Kristi ba ce, ya kuma kamata a daina ta a cikinmu.

Ku buɗe Luka sura 13 daga aya ta farko. An kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Shi da kansa ya ƙara da labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu. Sau biyu ya yi tambaya ko waɗannan sun fi sauran mutane zunubi, sau biyu kuma ya amsa da kansa cewa ba haka ba ne. Sa'an nan ya juya maganar tuba ya ɗora ta a kan waɗanda suke tsaye a gabansa da ransu da lafiyarsu. Ku lura da wannan. In akwai kiran tuba a cikin ambaliyar Alau, kiran ya fi shafar mu da muka kwana a busasshen gado. A Yohanna sura 9 ma almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka so su san ko laifinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya ƙi duka biyun, ya kwaɓa laka, ya warkar da shi. Su sun tsaya neman mai laifi, shi kuwa ya kama aiki.

Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi daidai kwana bakwai da dare bakwai, lokacin da suka zauna a ƙasa tare da shi bakinsu a rufe. Ranar da suka buɗe baki suka fara nemo masa ɓoyayyen zunubi, ranar suka ɓata. A sura ta 42 Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba, har sai da Ayuba, wanda suka yi wa shari'a, ya yi musu addu'a. Maganarsu tana da kamannin ibada, akwai sunan Allah a kowace jimla, duk da haka Allah ya ƙi ta. Muna tsoro kada wa'azinmu na bayan ambaliya ya zama irin tasu.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ai ruwan tsufana na zamanin Nuhu hukunci ne, Saduma ma hukunci ce. Gaskiya ne, ba ma musu cewa Allah mai shari'a ne. Amma a can Allah da bakinsa ya faɗa wa Nuhu abin da zai yi da dalilinsa, ya kuma faɗa wa Ibrahim zancen Saduma kafin wuta ta sauko. Wa Allah ya faɗa wa cewa mutanen Gwange sun fi na GRA zunubi? Wanda ya tsaya ya ce Allah ya hukunta wane, alhali Allah bai aike shi ba, ya ɗauki sunan Ubangiji a banza, ko da a kan bagade yake tsaye. Bayan ruwan tsufana kuma, a Farawa sura 9, Allah ya yi alkawari ba zai ƙara hallaka duniya da ruwa ba, ya sa bakan gizo ya zama alama. Muna koya wa yara wannan a makarantar Lahadi, sai mu manta da shi a babbar sujada.

Za a kuma ce, to, wanda Allah ya kuɓutar kada ya yi godiya? Ya yi mana. Godiya wajibi ce. Amma akwai godiyar da take ɗaukaka Allah, akwai kuma wadda take ɗaukaka mai yin ta, irin ta Bafarisiyen nan da ya shiga haikali yana gode wa Allah domin bai zama kamar mai karɓar haraji ba. In ruwa ya tsallake gidanka, ka ce Allah ya yi maka jinƙan da ba ka cancanta ba, sa'an nan ka buɗe ƙofar gidan ga wanda nasa ya rushe. Katifa biyu da ka bayar sun fi shaidar minti goma a makirfo.

Mu faɗi gaskiyar da kowa ya sani. Abin da ya raba wanda ruwa ya ci da wanda ya tsallake, yawanci tudu da kwari ne, tudu da kwari kuma kuɗi ne. Mai hali yana gini a tudu da bulo na siminti. Talaka yana kama haya kusa da kogi domin a can ɗaki yake da araha. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ruwa ya kora, dama can Boko Haram ce ta koro su daga Gwoza da Cibok da sauran garuruwa shekaru goma da suka wuce. Sun bar gonakinsu da majami'unsu saboda sun ƙi musun sunan Yesu, suka zo nan suka fara daga tabarma ɗaya. Yanzu mu ne za mu dube su mu ce rashin bangaskiyarsu ne ya jawo musu ruwa? Mu da ba mu taɓa kwana a kan dutse saboda bishara ba? Allah ya gafarta mana.

Akwai kuma wata illa da kalmar "hukunci" take yi wadda ba mu cika lura da ita ba, wato tana wanke masu laifi. Madatsar ruwa aikin hannun mutum ce. Mutane ne suka gina ta, mutane ne aka ɗora wa kula da ita, ana kuma ware kuɗin jama'a domin gyaranta. A 1994 ma ruwan Alau ya taɓa cin Maiduguri, iyayenmu suna ba da labari. Shekara 30 ke nan tsakanin ambaliya biyun, lokacin da ya isa a koyi darasi. In muka ce duka nufin Allah ne muka rufe baki, wa zai tambayi yadda aka kula da madatsar? Wa zai tambayi dalilin da gargaɗi bai kai ga kowa a kan lokaci ba? Wa zai tambaye mu, mu kanmu, game da leda da shara da muke zubawa a magudanar ruwa? Annabawa irin su Amos ba su yi shiru ba lokacin da aka tattake matalauta. Ikkilisiyar da take da bakin la'antar gwauruwa amma ba ta da bakin tambayar masu mulki, ta juya aikin annabci ƙafa a sama.

Zancen rabon kayan agaji ma ba za mu tsallake shi ba. Mun gode wa Allah domin ikkilisiyoyin da suka aiko da shinkafa da masara da barguna daga nesa, da iyayenmu mata da suka kwana suna dafa abinci a manyan tukwane. Allah ya sāka musu. Amma mu ne muka sauke buhunan daga mota, mun kuma ga inda wasu suka nufa. Mun ga wanda ruwa bai taɓa ko takalminsa ba ya tafi da buhu domin yana da ɗan'uwa a kwamiti. Mun ga an tambayi mai jego ko sunanta yana cikin rajistar membobi kafin a ba ta mudu biyu. Mun ga an jera mutane a rana ana ɗaukar su hoto da leda a hannu kafin a sallame su. Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A Ayyukan Manzanni sura 6 an yi gunaguni domin ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce masu gunaguni 'yan tawaye ne ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Bulus ma, da yake tara gudummawa domin tsarkaka na Urushalima, bai riƙe jakar shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya aiki Titus tare da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. In manzo Bulus ya yarda a sa masa ido a kan kuɗi, babu wanda ya fi ƙarfin a tambaye shi lissafi a cikinmu.

Saboda haka, da ladabi muke roƙon Baba Fasto da dattawan ikkilisiya. A hana duk mai wa'azi, na gida ko baƙo, danganta masifar wani da zunubinsa ko da zakkarsa. A koya wa masu ba da shaida yadda za su yi godiya ba tare da sun taka wanda yake makoki ba. A karanta lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita na agaji a gaban jama'a, kamar yadda ake karanta na baiko. A sa mata da matasa da waɗanda abin ya shafa a cikin kwamitin. Kada kuma a tsaya a kan membobi kaɗai. A daren nan, maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauko tsofaffinmu a baya, mu ma mun ɗauko nasu. Yesu ya zaɓi Basamariye ya zama misalin maƙwabci, bai kuwa yi haka a kan kuskure ba.

Mu ma matasa ba mu wanke kanmu ba. Mun yi zafi mako biyu, muka sa hotuna a Facebook da WhatsApp, sa'an nan muka koma shirin gasar waƙa. Wahalar ambaliya kuwa takan fara tsananta ne bayan motocin agaji sun tafi, lokacin da mai gida ya zo karɓar haya, makaranta ta kori yaro, aka nemi takardun shaidar karatu da ruwa ya lalata, jarin mai sayar da ƙosai kuma ya tafi da kaskon. Yakubu ya ce bangaskiyar da take sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai matacciya ce. Don haka mun yanke shawara a zumuntarmu: kowane rukuni zai ɗauki gida ɗaya ya riƙa zuwa kowane mako, za mu cire wani abu daga baikon zumunta domin kuɗin makarantar yaran da iyayensu suka rasa sana'a, za mu raka masu neman sabunta takardunsu zuwa ofisoshi, za mu kuma fito da cebur mu yashe magudanar unguwa kafin damina ta kankama. In mun je gaisuwa, za mu rage wa'azi mu ƙara sauraro. Ubangijinmu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka bai tsawata wa Maryamu da Marta a kan kukansu ba, shi ma sai da ya zub da hawaye.

Ranar Lahadi mai zuwa za mu je mu ɗauko mamar nan da keke napep. Ta ce za ta zo in mun zo. Muna roƙonku, kafin kowa ya karɓi makirfo a ranar, ya tuna tana zaune a wurin tana ji.

Ubangiji ya ta'azantar da dukan masu makoki a garinmu, ya gafarta mana maganganun da muka faɗa da sunansa waɗanda bai aike mu ba, ya kuma ba mu hannuwa masu aiki. Cikin sunan Yesu, amin.