Mai motar turbo: canza buji da bobin da hannunka ba faɗuwar girma ba ne

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma idan aka zo batun mota, a wajenmu sai karin maganar ta juye, domin da wuya ka sami mai mota da ya san inda tasa ke yoyo. Mutum zai tara kuɗi shekara da shekaru ya sayi mota mai gudu irin ta samari, mai turbo, cikin waɗanda aka daɗe ana saukewa daga Turai ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, ya sa a wanke ta sau biyu a yini, amma bai taɓa ɗaga bonet ya ga abin da ke ciki ba. Ranar da ta soma tari da karkarwa sai a tura yaro ya kai ta gareji, a zauna ana jiran jin abin da za a biya.

Ra'ayinmu shi ne, akwai aiki guda da ya kamata duk mai irin wannan mota ya koya ya riƙa yi da hannunsa, wato canza buji, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke ce wa fulogi, da kuma bobin, wadda su suke kira kwayil. A yawancin motoci aikin bai fi na awa guda ba, kayan aikinsa kuma ba su cika ƙaramar jaka ba, amma sakaci da shi kan kai ga asarar inji ɗungurungum.

Bari mu soma da abin da waɗannan abubuwa biyu ke yi. Batirin mota volt 12 kawai gare shi, wanda ba zai iya kunna fetur ba. Aikin bobin shi ne ta ɗauki wannan ƴar wutar ta ninka ta zuwa volt dubu 20 ko dubu 30, har ma fiye, ta miƙa wa buji. Shi kuma buji yana da ɗan gibi a bakinsa, na wajen milimita guda, inda wutar ke tsallakawa ta ba da tartsatsin da ke kunna haɗin iska da fetur a cikin silinda. Idan inji yana juyawa sau 6,000 a minti, kowane buji na ƙyasta wuta sau 50 cikin daƙiƙa guda. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 bobin guda ce ke raba wa dukkan silindodi wuta ta hanyar delko da dogayen wayoyi. A motocin yanzu kuwa kowane buji da tasa bobin zaune a bisa kansa, cikin tsananin zafin inji.

Turbo shi ke ƙara wa aikin nauyi. Wata ƴar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa fiye da sau dubu 100 a minti, tana cusa wa silinda iskar da ta fi wadda za ta iya shaƙa da kanta. Ita kuwa iska, gwargwadon yadda aka danne ta gwargwadon yadda take yi wa wuta wuyar tsallakawa. Shi ya sa ake matse gibin bujin motar turbo, a wasu zuwa milimita 0.8, alhali injuna da yawa marasa turbo suna tafiya da 1.1. Yayin da buji ke tsufa bakinsa na cinyewa, gibin na buɗewa, bobin na ƙara wahala wajen tura wuta, tana zafi, har rufinta ya tsage ta mutu. Ke nan sau da yawa tsohon buji mai araha shi ke kashe bobin mai tsada.

Alamar ciwon sananniya ce. Mota za ta yi ta yawo lafiya lau a cikin Yamai, amma da an hau hanyar Dosso an taka totur domin wuce babbar mota, daidai lokacin da turbo ya cika, sai ta yi tari ta ja baya, ga kuma wata motar na tahowa a gaba. A nan maganar ta wuce ta kuɗi, ta koma ta rai. Bugu da ƙari, fetur ɗin da bai ƙone a silinda ba yana gangarawa ne ya ƙone a cikin matatar hayaƙi da ke jikin salansa, ya narkar da cikinta, ita kuwa kuɗinta ya ninka na buji sau da yawa. Idan ƴar fitilar nan mai hoton inji da ke gaban direba ta soma ƙyaftawa, wannan gargaɗin take yi, kuma ma'anarsa a sassauta ƙafa a nemi wurin tsayawa.

Mu ɗauki misalin da duniya ta shaida. A shekarar 1998 kamfanin Audi na Jamus ya fito da ƙaramar motar tsere mai suna TT, da injin nan mai lita 1.8 da turbo da ake kira 1.8T, mai ƙarfin doki 180 ko 225. Irin wannan injin ne a cikin wasu Golf da Passat da Audi A4 na wancan zamani, waɗanda har gobe ake gani a titunanmu. A cikin shekarar 2002 bobin ɗin waɗannan motoci suka riƙa mutuwa barkatai a Amurka, har kayan canji suka yi ƙaranci, motoci suka yi ta jira a garejin dillalai. A watan Fabrairun 2003 kamfanonin Volkswagen da Audi suka ba da sanarwar za su canza bobin kyauta a motoci sama da dubu 500, ko sun mutu ko ba su mutu ba. Tun daga lokacin masu irin wannan mota da dama suka koyi ajiye bobin guda a but, kamar yadda ake ajiye tayar safaya, domin canza ta aikin ƴan mintoci ne a gefen hanya. Idan mutanen da ke da dillalin kamfani a bakin ƙofarsu sun ga ya dace su koyi haka, ina ga mu da motar kan iso hannunmu bayan ta ci shekaru goma ko ashirin, ba garanti, ba littafin tarihin gyara?

Dalilinmu na farko shi ne sani. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Tarayyar Turai, doka ta tilasta kowace sabuwar motar fetur ta zo da wata ƴar kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karanta lahani. A yau akwai ƙananan irinta da ke aiki da wayar hannu. Idan ta nuna P0302, silinda ta biyu ce ba ta kamawa. Idan P0303 ce, ta uku ce. Daga nan sai a yi gwajin da bai cin ko dala: a cire bobin ta biyu a musanya ta da ta uku, a tada mota. Idan lahanin ya bi bobin ya koma silinda ta uku, an kama ɓarawon. Idan ya tsaya inda yake, sai a dubi buji ko abin da ke fesa fetur. Wanda ya san wannan ba za a sa shi sayen bobin huɗu da famfon mai da sabon batir a kan lahanin abu guda ba.

Dalili na biyu shi ne kaya. Kasuwanninmu cike suke da jabun buji masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, har shi kansa kamfanin NGK na Japan ya sha yin gargaɗi a kai. Buji na ƙwarai na motar turbo bakinsa na ƙarfen filatinam ne ko iridiyam, shi iridiyam kuwa ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400. Na jabu kamanni kawai ya ara. Kazalika kowane inji da lambar bujinsa, domin akwai mai saurin zubar da zafi, akwai mai riƙe shi. Idan aka sa wa injin turbo buji mai riƙe zafi don kawai ya shiga ramin, bakinsa kan yi jajir ya kunna fetur tun lokaci bai yi ba, abin da kan huda fistan. Mai motar da ya je da kansa ya nemi lambar da kamfani ya rubuta, ya duba kwali da rubutun jikin tangaran, ya fi wanda ya ba da kuɗi aka kawo masa abin da aka samu. Araha dai ba ta ado.

Dalili na uku shi ne natsuwa, wadda ita ce rabin aikin. Ga yadda ake yinsa a injin 1.8T. A bar inji ya huce sarai, domin kansa na alminiyam ne, kuma zaren da ake murɗa buji a ciki kan lalace idan aka kwance da zafi. A kashe mota a zare makulli, a cire murfin roba na saman inji, a kauda duk wani tiyo da ya tare hanya. A danna maƙallin wayar bobin a zare ta a hankali, domin robar ta bushe da zafi, tana karyewa kamar ƙanzo. A ja bobin sama a miƙe, idan kuma mai ƙusoshi ce a fara kwance su. Kafin a taɓa buji a hure ramin da iska, musamman a ƙasa irin tamu mai rairayi da ƙurar hunturu, domin duk tsakuwar da ta faɗa ciki silinda ta nufa. Da sifanar buji mai lamba 16 ake kwancewa. Sabon kuwa da yatsu ake fara murɗa shi har ya zauna, idan ya cije tun farko a dawo da shi baya a sake. Sa'an nan a ɗaure da sifana mai awo, a tsaya a kan niyutan-mita 30 da kamfani ya ƙayyade. Ba a shafa wa zaren mai ko giris, ba a kuma gogar bakin iridiyam da burushin ƙarfe kamar yadda aka saba yi wa bujin babur. A yi silinda ɗaya a gama kafin a koma ta gaba, a kuma rubuta kilomitar da aka yi aikin, domin wajen kilomita dubu 60 ne wa'adin bujin wannan inji, kuma da zafinmu da man kwalba na gefen hanya gara a gaggauta da a jinkirta.

Mun san za a ce mana wannan ai cire wa kanikawa abinci ne daga baki. Muna girmama kanikawanmu, waɗanda da ƴan sifanoni da basira suka riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru. Amma gaskiyar magana ita ce, a gareji da yawa aikin buji na yaran gareji ne, maigida na can yana fama da babban gyara, yaron kuma da ƙarfin damtse aka koya masa ɗauri, a kan inji mai zafi, mai mota na tsaye yana duban agogo. Bakanike na ƙwarai ba ya asara idan mai mota ya waye. Hasali ma aikinsa ke sauƙi idan aka zo masa da bayani tsararre maimakon a ce masa mota ba ta jin daɗi. A ƙasashen da ake ƙera motocin ma sai da aka yi gwagwarmaya a kan ƴancin gyara. Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida a 2002 da ta tilasta wa kamfanoni ba gareji masu zaman kansu bayanan gyara, haka kuma a 2012 mutanen jihar Masacusets ta Amurka suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da irin wannan doka da gagarumin rinjaye. Abin da wasu suka nema da ƙuri'a bai kamata mu bar shi saboda gudun baƙin mai a hannu ba.

Za a kuma ce garin neman gira ana iya rasa ido. Wannan gaskiya ne, shi ya sa aikin yake da iyaka. Idan buji ya ƙi kwantuwa, kada a sa masa ƙarfi. Idan aka tarar da man inji kwance a ramin buji, robar murfin saman inji ce ta saki, kuma sabuwar bobin ma ba za ta daɗe a ciki ba sai an gyara ta. Idan bakin tsohon buji ya narke ko tangaran ɗinsa ya fashe, ciwon ya wuce buji. Haka nan akwai motoci irin su Subaru Impreza WRX da silindodinsu ke kwance a gefe da gefe, bujin na maƙale kusa da jikin mota inda hannu ke shiga da ƙyar. Duk waɗannan na gwani ne, kuma wanda bai taɓa yi ba ya kamata karon farko ya yi a gaban wanda ya iya.

Saboda haka muna kira ga masu sayar da kayan mota su riƙa kawo sifana mai awo da na'urar karanta lahani, su kuma ji tsoron sayar wa mutane jabu. Muna kira ga cibiyoyin koyon sana'a su buɗe gajerun darussa na ƙarshen mako ga masu motoci, maza da mata. Kai kuma mai karatu, ko Alhaji ne kai ko babban ma'aikaci, ranar Lahadi da safe kafin rana ta yi zafi, tuɓe babbar riga ka ɗaga bonet, ka nemi lambar bujin motarka ka rubuta ta a takarda ka ajiye. Daga nan ake farawa, domin zuwa da kai ya fi aike.